Ranar da Noeline Ta Gudu Ta Yi Aure

A garin Marlow, duk abin da zai tara jama'a a ƙarƙashin rufi ɗaya, Noeline Triffitt ce ke riƙe da ludayinsa. Ko aure ne, ko jana'iza, ko 'yan ƙwallon gari ne suka yi sa'a suka ci wasa, za ka same ta a kicin ɗin zauren taro, hannun riga a naɗe, tana ba da umarni tana ba da labari a numfashi guda. Ba wanda ya naɗa ta. Uwarta ta tarar tana yi, da ƙafafun tsohuwa suka gaza sai ta karɓa.

Ita ce babba cikin 'ya'ya bakwai. Ubansu direban motar katako ne, ba ya wuni a gida, uwar kuma kullum tana zaure, don haka Noeline ta koyi girki a tukunyar da sai ta taka kujera take ganin cikinta. Abin ya bi ta har tsufa. Ba ta iya dafa abincin mutum ɗaya ba. In ta ce bari ta ɗan ɗora miya, maƙwabta sun san yau ba sai sun kunna wuta ba. Abu na biyu da aka san ta da shi, baki. Ba munafuka ba ce, ba ta taɓa haɗa kowa faɗa ba, labari ne kawai ba ya kwana a cikinta.

Ta auri Graeme mai jirgin kamun kifi tana 'yar budurwa. Ranar bikin madarar kek ta lalace, amarya ta ce bari ta leƙa kicin ta dawo. Ba ta dawo ba. An yi jawabai, an yi rawa, ango ya yi rawar farko da gwaggonsa, ita kuwa tana wanke kofuna da rigar amarci a jikinta. Sun zauna lafiya da Graeme, suka haifi 'ya ɗaya, Kerryn, wadda ta girma ta tafi birnin Melbourne. Wata Lahadi ya zauna kallon wasan ƙwallon sanda na kurket, barci ya ɗauke shi, bai tashi ba. Noeline ta yi kukanta, sannan ta ɗaura zanin girki ta ciyar da masu zaman makoki da hannunta, don ba ta yarda wata ta taɓa mata tanda ba.

Lyall Medwin mai kiwon zuma ne, dogo, siriri, bai taɓa aure ba. Mutanen gari kan ce ƙudan zumansa sun fi shi surutu. Shekara da shekaru yana kawo mata zumar da take sa wa a kek, ya ajiye, ya taɓa hula, ya fita. Sai wata Talata, bayan dukkansu sun haura sittin, ya ajiye gwangwanin zumar bai juya ba. Ya cire hula ya ce wani abu. Noeline ba ta ji ba, don tana tsakiyar ba shi labarin yadda surukar mai gidan mai ta kutsa mota cikin shingen coci. Ya jira ta kai ƙarshe, ba ta kai ba, ya mai da hularsa ya tafi. Da mako ya zagayo sai ya zo da dabara. Ya bari sai da ta cika baki da kek tana ɗanɗanawa.

"Noeline, aurenki nake so."

Ta ƙware, ta yi tari, ta kurɓi ruwa. "Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa. Makon jiya."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ga wuyan rigarsa ya ɗan yage, sai ta ji wani abu ya motsa mata a ƙirji. Ta ce to. Ba ta ko rufe baki ba ta shiga tsara biki. Zaure zai ɗauki kowa in an fitar da tsofaffin kujeru, ga ƙannenta da 'ya'yansu da jikokinsu, ga 'yan coci, ga 'yan ƙwallo, dangin Graeme ma ba za a bar su ba. Tana faɗa fuskar Lyall na ƙara yin fari.

Ya ce, "In an gama sai ki zo ki ba ni labari."

Ranar Lahadi ya ɗauke ta a motarsa ta ɗaukar kaya, suka bi hanyar yamma har kwalta ta ƙare, suka ajiye motar kusa da amyoyinsa, suka shiga daji da ƙafa. Itatuwa sun haɗe sama, gansakuka ta lulluɓe komai, ƙasa a jiƙe tana lotsawa. Can sai dajin ya tsaya kamar an yanke shi da wuƙa, ga farin yashi, ga baƙaƙen duwatsu, ga teku. Noeline ta tsaya. Ta buɗe baki za ta yi magana, ta rasa abin faɗa, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Ta tuna kofunan da ta wanke ranar aurenta na fari.

"Nan babu kicin," in ji ta.

"Babu."

"To a nan za a yi. Ni da kai kawai. Kada kowa ya ji sai an gama."

Lyall ya dube ta ta gefen ido. "Ke ce za ki riƙe bakinki?"

"Kai dai ka riƙe naka."

Doka ba ta neman abu mai yawa: mai ɗaurin aure, sanarwa wata guda kafin ranar, da shaidu biyu manya. Mai ɗaurin auren Marlow kuwa 'yar kawun Noeline ce, in ta ji da safe kafin azahar an ji a gidan mai. Dole Noeline ta shiga bas ta tafi birnin Burnie, ta samo wani tsohon malamin makaranta mai izinin ɗaura aure, Mista Pym, dogo mai baƙar kwat da murya irin ta mai karanta labarai. Da ya ji za a yi a bakin teku sai idonsa ya kawo ruwa, ya ce ya daɗe yana da abin da yake son faɗa game da teku.

Shaidu ne suka zama aiki. In ta ɗauki ƙanwarta Raelene, sauran biyar za su yi fushi har kabari. In ta ɗauki wata a coci, Raelene za ta cinye ta ɗanya. Ita da Raelene tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, daga yawan gishirin miya har zuwa wadda ta cancanci gadon babbar tukunyar ƙarfen Mama, wadda Raelene ta ɗauke ranar jana'iza ta ƙi dawo da ita.

Lyall ya ce, "Akwai wasu tsofaffi biyu masu kamun kifi a kan duwatsun. Duk Asabar suna nan."

"Ka san sunansu?"

"A'a. Mukan ɗaga wa juna hannu."

"Aurena zan rataya a kan mutanen da kuke ɗaga wa juna hannu?"

"Sun iya rubuta sunansu, ina jin."

Ba ta so ba, amma ba ta da wata mafita. Kerryn kaɗai ta gaya wa ta waya, ta sa ta rantse. Kerryn ta yi dariya har da shaƙuwa, ta ce, "Mama, ba za ki kai Juma'a ba."

Ta kai, amma ta sha wuya. Noeline ta gane cewa in ta fara kowace magana, ko ta farashin albasa ce, sai ta ji zancen auren ya taho har bakin haƙoranta. Hanya ɗaya ta rage mata, ta daina magana gaba ɗaya. A kicin ɗin zaure mata suna hira, ita tana yanka burodi leɓe a datse. Abinci ma ya daina shigarta don zumuɗi, har siket ɗinta ya fara zamewa. Ta yi ta zirga-zirgar Burnie, yau gwajin riga, gobe zobe, jibi Mista Pym yana son ta ji wani sabon sashe na jawabinsa. Kuma da yake ranar Asabar ɗin akwai shayin tsofaffi a zaure kuma ba za ta kasance ba, sai ta kira matan ta koya musu sirrin kek ɗinta na zuma, wanda ta hana kowa tun da aka san ta.

"Ku koya," in ji ta. "Ba kullum zan kasance a nan ba."

Matan suka dubi juna. Noeline ta yi shiru, Noeline ta rame, Noeline tana zuwa Burnie, inda babban asibiti yake, ga shi yanzu tana raba sirrinta. Raelene ta buga wa Kerryn waya ta tsare ta da tambaya, yarinyar ta ce, "Anti, Mama ta ce kada in gaya wa kowa tukuna." Raelene ta ajiye wayar ta fashe da kuka.

Daga ranar garin ya canza wa Noeline. Mai gidan mai ya fito da kansa ya buɗe mata ƙofa. Aka fara kawo mata abinci, ita da ke ciyar da kowa, kwano bayan kwano na miyar da ba gishiri. Wata yamma sai ga Raelene a ƙofa, rungume da tukunyar Mama.

"Ga shi, Nolly. Dama taki ce."

Rabon da a kira ta Nolly tun suna kwana a gado ɗaya. Noeline ta sha jinin jikinta. Ta ce a ranta, sun gane, kayan aure suke kawo mini. Ta karɓi tukunyar ta rufe ƙofa da sauri kafin bakinta ya ci amanarta. Raelene ta koma mota ta ce wa mijinta Merv, "Ko musu ba ta yi ba. Abin ya yi nisa."

A ɓoye matan zaure suka mai da shayin tsofaffi na Asabar ya zama liyafar ban kwana, don ta ji godiyar gari da kunnenta tun tana da rai. Aka ɗora wa Raelene alhakin kawo ta da yamma.

Da hantsin Asabar Raelene da Merv suka nufo gidan Noeline don su san dabarar da za su yi. Suna shan kwana suka hango Noeline ta fito cikin doguwar riga shuɗiya, an gyara mata gashi, Lyall na riƙe da hannunta a hankali. A bayansu wani dogon baƙo ne cikin baƙar kwat, fuska a nutse, da baƙar jaka a hammata.

Raelene ta damƙi gwiwar Merv. "Ka ga mutumin can? Na gidan jana'iza ne. Za ta je ta nuna musu inda za a watsa tokarta in an ƙone gawarta. Ni ƙanwarta ina raye, sai mai zuma ne zai raka ta? Bi su!"

"Raelene, gwiwata..."

"Da gwiwa kake tuƙi? Bi su na ce!"

Su Noeline ba su san ana bin su ba. Suka ajiye mota suka shiga daji, Lyall a gaba ɗauke da kwandon da amarya ta ce ɗan abin taɓawa ne, wanda ya isa ya ƙosar da 'yan ƙwallo har da masu jiran canji. Noeline ta tattare rigarta, takalmin ruwa na roba a ƙafarta. Mista Pym kuwa takalmin fata mai ƙyalli ya sa, duk da an gargaɗe shi. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, matsattsaku sun fito kamar an gayyace su. Lyall ya tsaya ya barbaɗa wa kowa gishiri a safa don korar su, Mista Pym ya ce shi a bar shi, zai ɓata masa wando.

Suka fito bakin teku. Iska na kaɗawa, rana ta haska yashin, ruwa ya janye nesa. A kan duwatsun babu kowa, sai tsuntsaye.

"Ina shaidun?" in ji Noeline.

Lyall ya kare ido da hannu, ya duba kudu, ya duba arewa. "Duk Asabar suna nan."

"Yau Laraba ce?"

Mista Pym ya gyara murya ya ce yana mai baƙin cikin sanar da su cewa in babu shaidu biyu, babu aure. Suka jira. Lyall ya taka har ƙarshen duwatsun ya dawo. Noeline ta zauna a kan wani kututture da ruwa ya kawo, ta dubi rigarta da ta riga ta kwashi laka. Wata guda tana haɗiye magana, ta rame, ta guje wa ƙawayenta, ga inda abin ya ƙare. Abin da ya fi ci mata rai, sai yanzu ta gane tana son a ce akwai wani nata a wurin, ko da mai tsokanarta ne. Hawaye ya zubo mata. Lyall ya zauna kusa da ita ya ba ta hankicinsa mai warin hayaƙin amya.

Sai ga kururuwa daga cikin daji, rassa na karyewa. Raelene ta faɗo kan yashi, takalmi ƙafa ɗaya, ganye a gashi, Merv na ɗingishi a bayanta yana haki. Ta ga yayarta na kuka, ta ruga ta rungume ta.

"Nolly! Kada ki yarda a zuba ki a nan! Wa zai riƙa zuwa ganinki a wannan jejin? Ga wuri kusa da Mama, ni zan riƙa kawo miki fure!"

"Wa za a zuba?"

"Na sani, kowa ya sani! Wata nawa likita ya ce?"

Noeline ta ɓamɓare ta daga jikinta ta dube ta. Ta dubi Mista Pym da baƙar jakarsa. Ta tuna miyar da ba gishiri, da mai gidan mai, da tukunya. Dariya ta kama ta har sai da ta riƙe ciki.

"Ke, aure zan yi! Wannan mai ɗaurin aure ne!"

Raelene ta ja da baya. Ta share hancinta. "Ba mutuwa za ki yi ba?"

"Lafiyata ƙalau."

"Lafiyarki ƙalau! Na yi mako uku ina kuka, na sayi baƙar riga, na ba ki tukunyar Mama, ashe miji kike nema da tsufanki? Wallahi yau za ki dawo mini da ita!"

"Kin ce dama tawa ce. Merv, ba ta faɗa ba?"

Merv ya ce shi a mota yake, bai ji komai ba.

Mista Pym ya matso ya tambaya ko baƙin biyu sun haura shekara goma sha takwas. Raelene ta ce ya daina yi mata izgili, kuma ita ba za ta sa hannu a auren da aka ɓoye mata ba. Ta faɗi haka tana gyara wa amarya wuyan riga, tana cire mata ciyawa daga gashi, sannan ta aiki Merv ya tsinko fararen furanni a bakin daji, don ba a taɓa yin amarya hannu wofi a danginsu ba.

Aka tsaya a kan yashi, daji a baya, teku a gaba. Mista Pym ya fara jawabinsa a kan teku. Iska ta kwashe rabinsa, sauran rabin kuma ya yi tsawo har ruwa ya fara dawowa yana lasar takalmansu. Yana cikin kwatanta aure da jirgin ruwa sai Merv ya ce, "Malam, jini ne a ƙafarka." Mista Pym ya ɗaga wando, ya ga matsattsaku sun jeru a ƙwaurinsa sun yi ɓul-ɓul, ya yi wata ƙara wadda ba ta dace da muryarsa ba. Lyall ya durƙusa ya zuba musu gishiri. Daga nan malamin ya tsallake duk abin da ya rage, ya faɗi abin da doka ta ce a faɗa, ya ce ango ya yi magana.

Lyall ya juya hularsa a hannu. Ya faɗi kalmomin da aka koya masa, sannan ya ƙara nasa. "Ni ba mai magana ba ne, Noeline. Shiru ya yi wa gidana yawa. Ki zo ki cika mini shi."

Raelene ta rushe da sabon kuka. Aka sa hannu a kan murfin kwandon abinci, Merv na danne takardu kada iska ta tafi da su. Suka zauna suka ci, tsuntsaye suka samu rabonsu. Sai da Raelene ta ƙoshi sannan ta dafe ƙirji.

"Wayyo, zaure! Duk gari na can suna jiranki su yi miki ban kwana."

Da suka isa, zauren ya cika, kowa cikin tufafi masu duhu, ana magana ƙasa-ƙasa. An kafa babban hotonta a gaba, kewaye da furanni. Noeline ta shigo da takalmin roba, riga duk laka, ga jini-jini a ƙafa inda matsattsaku suka samu hanya. Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, har ta fara zubar da jini." Shugaban 'yan ƙwallo ya miƙe da jawabi a hannu. Noeline ta bar shi ya yabe ta har ƙarshe, don ta ce ba kowa ke samun jin irin wannan da ransa ba. Da ya zauna sai ta hau dandamali, ta ɗaga hannu mai zobe, ta saki duk abin da ta tara na wata guda. Ta fara tun daga Talatar da Lyall ya cire hula. Ango kuwa ya samu kujera a bayan ƙofa, mutane na zuwa suna girgiza masa hannu yana cewa, "Haka ne."

Yanzu suna zaune a gidan Lyall, a bakin hanyar yamma. Mista Pym ya sayi takalmin roba, kuma yakan turo musu masoya daga manyan birane irin su Sydney ko Brisbane masu son a ɗaura musu aure ba tare da kowa nasu ba. Lyall ya nuna musu hanya, shi da matarsa su tsaya shaidu. Noeline kan tambayi kowace amarya ko tana da ƙanwa, in ta ce e, sai ta miƙa mata waya ta ce ta kira ta.

Mutum ɗaya ne labarin bai kai masa daidai ba, tsoho Wally mai gyaran shinge, wanda kunnensa ya yi nauyi. Bayan mako biyu ya zo gidan da baƙin laktaye a wuya da furanni a hannu, zai yi wa Lyall gaisuwa, don ya ji an ce shi ne ya raka ta har ƙarshe. Ya tarar da Noeline a tsakar gida tana shanya. Ya tsaya ya daɗe yana kallonta, sannan ya cire hula ya ce, "Kin yi kyau fiye da yadda na zata." Ta karɓi furannin ta sa a ruwa, ta zaunar da shi ta dafa masa shayi.